KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: Tarihin OpenSSL da bala'in Heartbleed

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni a hankali.

Kwanakin baya muna zaman tsara kasafin shekara mai zuwa a wajen aiki, sai aka zo kan wata manhaja da muke amfani da ita kullum. Wani ƙanina ya ce, "Yallaɓai a goge wannan layin, ai kyauta ce, ba ta cin ko sisi." Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce. Ni ma ban ja ba a lokacin, amma maganar ta tsaya min a rai, don ta tuna min da wani labari da ya girgiza duniyar intanet a 2014.

Idan ka buɗe shafin bankinka ko na imel, a wasu burauzoji za ka ga ɗan hoton kwaɗo a sama. Ma'anarsa ita ce duk abin da ka rubuta, kalmar sirri ce ko lambar kati, ana kulle shi kafin ya bar wayarka, ta yadda wanda ya tare shi a hanya ba zai iya karantawa ba. Ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke yin wannan kullewar sunanta OpenSSL. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake. Kowa zai iya dubawa, ya ɗauka, ya gyara, ya yi amfani da ita ba tare da ya biya kowa ba.

Asalinta daga Ostareliya ne. A 1995 wasu mutum biyu, Eric Young da Tim Hudson, suka fara rubuta wata manhaja mai suna SSLeay. A 1998 suka samu aiki da kamfanin RSA suka ajiye ta. A watan Disamba na wannan shekarar sai wasu 'yan sa-kai suka ɗauki abin da aka bari suka ɗora a kai, suka raɗa masa suna OpenSSL. Da yake tana aiki kuma ba a biya, sai kowa ya rungume ta: bankuna, gwamnatoci, masu ƙera na'urorin sadarwa, manyan kamfanoni irin su Google da Yahoo da Amazon. Zuwa 2014, Apache da nginx, manhajoji biyu da ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na shafukan intanet masu aiki, duk da ita suke kulle saƙo.

To wa ke kula da ita a wancan lokacin? Nan fa ake yin ta. Mutum ɗaya tak ne ya mai da ita cikakken aikinsa, wani Baturen Birtaniya, Dakta Stephen Henson. Sauran 'yan tsiraru ne masu taɓawa idan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Akwai kuma Steve Marquess a Amurka, wanda ke riƙe da gidauniyar da ke nema musu kuɗi. Shi da kansa ya bayyana cewa gudummawar da suke samu daga jama'a ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Ragowar kuɗin daga kwangila suke samu, wato wani kamfani ya biya a yi masa wani aiki na musamman, kuma ko da wannan ɗin ba su taɓa haɗa dala miliyan 1 a shekara ba. Sannan kuɗin kwangila na aikin mai kwangila ne. Ba wanda ke biya a zauna a share tsohon rubutu ko a bi shi layi-layi ana neman kuskure.

A daren 31 ga Disamba 2011 aka shigar da wani ƙari a cikin manhajar, wanda wani ɗalibin digirin digirgir a Jamus ya rubuta. Ƙarin ana ce masa "bugun zuciya". Aikinsa kamar yadda kake cewa "kana jina?" ne a waya, ɗayan ya ce "ina jin ka", don a tabbatar layi bai katse ba. Kwamfutarka za ta tura ɗan saƙo ga babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta faɗi tsawonsa, ita kuma waccan ta dawo da shi yadda yake. Kuskuren shi ne an manta a sa ta auna ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne.

Bari in kwatanta. Ka kai wa mai sito ajiyar mudu ɗaya na gero, ka dawo ka ce ya ba ka mudu goman da ka ajiye. Shi kuma bai duba littafi ba, sai ya ba ka naka ɗaya, ya cika tara daga buhunan mutane. Haka abin yake. Mai kutse zai tura harafi ɗaya ya ce dubu 64 ne, sai kwamfutar ta kwaso abin da ke ƙwaƙwalwarta har kilobait 64 ta miƙa masa. A ciki ana iya samun kalmomin sirrin mutane, saƙonninsu, har da babban mabuɗin da shafin ke kulle komai da shi. Zai iya maimaitawa sau nawa ya ga dama, kuma ba ya barin sawu.

Mutum ɗaya ne ya duba wannan ƙarin kafin a karɓe shi, shi ne Henson, kuma abin ya wuce masa. Ranar 14 ga Maris 2012 aka fitar da shi ga duniya a sigar 1.0.1. Shekara biyu cur ƙofar tana buɗe. Sai a 2014 Neel Mehta na Google da wani kamfanin tsaro na Finland mai suna Codenomicon suka gano ta, kowa ta hanyarsa. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka sanar, aka fitar da gyara. 'Yan Finland ɗin ne suka raɗa wa matsalar suna Heartbleed, wato zuciya mai zubar da jini.

Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta cewa kusan shafuka rabin miliyan, kashi 17 cikin 100 na masu kwaɗon nan, abin ya shafa. Hukumar tara haraji ta Kanada sai da ta rufe shafinta ana tsakiyar lokacin biyan haraji, daga baya ta sanar cewa an sace lambobin shaidar mutum 900. Duniya ta ɗauka, ana ta cewa kowa ya canja kalmar sirri.

Sai zagi ya fara sauka a kan waɗannan bayin Allah. Wasu har da cewa da gangan aka yi, an haɗa baki da 'yan leƙen asiri. Ɗalibin ya fito ya ce kuskure ne kawai. Marquess kuma ya yi wani rubutu da ya zaga duniya, inda ya nuna cewa aiki irin wannan yana buƙatar aƙalla mutum shida da ba su da wata sana'a sai shi, kuma abin mamaki a wurinsa shi ne yadda irin haka ba ta faruwa a kai a kai. A makon da abin ya fashe an turo musu gudummawa kimanin 200, jimilla wajen dala 9,000. Kamfanonin da ke cin biliyoyi da guminsu kuwa, da yawansu ko sannu ba su taɓa cewa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Kunya ta sa aka motsa. Ranar 24 ga Afrilu 2014 Gidauniyar Linux ta ƙaddamar da wani asusu mai suna Core Infrastructure Initiative. Kamfanoni irin su Amazon, Cisco, Facebook, Google, IBM, Intel da Microsoft kowanne ya yi alƙawarin dala 100,000 a shekara har shekara uku, jimilla sama da dala miliyan 3 da rabi. Da wannan aka ɗauki ma'aikata biyu na dindindin wa OpenSSL, aka kuma biya masana suka binciki rubutunta. Wasu kuma suka ce su sun gaji da jira. 'Yan OpenBSD, ƙarƙashin Theo de Raadt, suka ɓalle suka yi tasu mai suna LibreSSL, suka zubar da layuka kusan 90,000 na tsohon rubutu tun a farkon aikin. Google ma ta yi tata, BoringSSL. Ita OpenSSL ta farfaɗo, aka ƙara hannu, aka tsaurara ƙa'idar duba kowane ƙari kafin a karɓa.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja suna da wata magana da suke alfahari da ita, cewa in idanu suka yi yawa kuskure ba ya ɓuya. Heartbleed ta nuna inda maganar ta yi rauni. Miliyoyi na amfani da manhajar, amma masu dubawa ba su cika yatsun hannu ba. Kowa ya ɗauka wani na dubawa.

Kuma an koyi darasi? Rabi da rabi. A Disamba 2021 aka sake kwatawa da Log4j, ita ma 'yan sa-kai ƙalilan ke riƙe da ita, suka kwana suna gyara ana zaginsu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja ta matse fayil mai suna xz, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, mutum ɗaya ke ɗawainiya da ita shekara da shekaru ba albashi. Ya gaji, ya kuma faɗa cewa ya gaji. Sai ga wani da ke kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimakawa. Sama da shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a ido, wasu sunaye kuma na ta matsa wa mai manhajar lamba cewa ya yi sanyi, ya ba wani dama. Da ya samu amana sai ya dasa ƙofar baya da za ta ba shi damar shiga kwamfutocin mutane. Allah Ya taimaka, wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya bazu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan kaɗaici ne ya tsaga bangon. Da akwai mutum uku ko huɗu amintattu tare da shi, da wuya baƙo ya samu wannan damar.

Shi ya sa nake ganin abu biyu ne ke riƙe irin wannan aikin, kuɗi da hannu, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Jamus ta fahimci haka, a 2022 ta kafa asusun gwamnati, Sovereign Tech Fund, don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, kamar yadda ake ware kuɗin gyaran titi da gada.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Wayar Android da ke hannunka a kan Linux take tafiya. DHIS2, wadda ake tattara bayanan asibitocinmu da ita a Najeriya, buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta. Muna sha daga rijiyar nan kullum. A ƙauye in rijiya ta cushe, gayya ake kira: mai ƙarfi ya shiga yasa, mai igiya ya kawo, mata su dama kunu, mai hali ya sayo siminti. Ba wanda ke cewa ai ruwan kyauta ne.

Mu ma muna da abin bayarwa. Ma'aikatar da ke amfani da irin wannan manhaja ta bar layin kula da ita a kasafi, ta horar da ma'aikatanta, ta riƙa sabunta ta a kan lokaci. Wanda ya ci karo da matsala ya kai rahoto cikin ladabi, don wanda zai karanta wataƙila bayan ya tashi daga aikinsa ne yake yi maka kyauta. Matasanmu masu karatun kwamfuta su shiga, ko da gyaran rubutun bayani ne, a nan ake gogewa. Wanda bai san komai a kwamfuta ba ma zai iya fassara zuwa Hausa, ko ya ba da muryarsa a Common Voice na Mozilla.

Shi kuwa ƙanin nawa, na koma na same shi na ba shi wannan labarin. Mun mayar da layin, duk da kuɗin ba su taka kara sun karya ba.

Wa ya taɓa ba da gudummawa ga irin wannan aiki a cikinku, da kuɗi ko da hannu? Ina son jin yadda ta kaya. Allah Ya sa mu dace.