TSOFAFFIN KUƊINMU: HUJIN ASALI DA HUJIN MAƘERI

Jama'a, da wuya a shiga tsohon gida a nan Zangon Agege a rasa wani gwangwani ko 'yar jaka da aka tara anini da kwabo da sule a ciki. Kakanninmu da suka biyo jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, da irin waɗannan kuɗi suka yi fataucin goro da shanu. To yanzu an fara samun masu bi gida-gida suna neman saye, mu kuwa ba mu san yadda ake yi musu kima ba.

Kafin zuwan Turawa wuri ne kuɗinmu, sai kuma liyari, wato dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tareza. Bature Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. A lura, shekarar 1780 ce ake bugawa a jikin liyari ko da an ƙera shi shekara ɗari bayan haka, saboda haka shekarar ba ita ke nuna tsufansa ba.

A 1907 Ingila ta kawo kwabo da anini, masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Anini goma ne kwabo ɗaya. Aninin farko na alminiyam ne, amma da aka ga yana saurin lalacewa sai aka koma gamin tagulla da nikel a 1908. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913. A 1920 aka janye azurfar aka koma farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kuɗin Tarayyar Nijeriya sun fito a 1959, naira da kwabo kuma ranar 1 ga Janairu, 1973.

To, iyayenmu mata ba su bar azurfar nan ta zauna haka ba. Wasu an kai wa maƙeri ya huda an yi sarƙa, wasu an liƙa musu marataya, wasu ma an narke an yi zobe da awarwaro. Nan ne maganar ta haɗu da masu tantance tsofaffin kuɗi na ƙasashen waje.

A Amurka akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, su ba masu saye ba, ba kuma masu sayarwa ba. Manyansu su ne PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Sukan duba kuɗi su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70 bisa ma'aunin da William Sheldon ya tsara a 1949, sannan su rufe shi cikin roba mai lamba. A da, in kuɗi ya sami lahani mayar wa mai shi kawai suke yi. Daga baya suka sassauta: yanzu sukan rufe shi su shaida na gaske ne, su faɗi yawan suɗewarsa, su rubuta aibinsa ɓaro-ɓaro, amma ba za su ba shi maki ba. Kuɗin da ba shi da maki kuwa farashinsa ƙasa yake yi sosai.

Hujin anini da na tsohon kwabo ba aibi ba ne a wurinsu, domin da shi aka ƙera su. Amma sulen da maƙeri ya huda, ko aka toshe hujin, ko aka ɓamɓare masa marataya, ya zama mai lahani. Haka wanda tsatsa ta ci. Abin da ya fi yi mana illa shi ne gogewa. Mun saba in abu ya dushe mu sa toka ko tsamiya ko lemon tsami mu dirje shi, su kuwa da madubin ƙara girma suke gano zanen dirza, su rubuta an goge. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Kada kuma wani ya ruɗe mu da zancen miliyoyi. Yawancin anini da kwabo an buga su da ɗimbin yawa. Hatta na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar, ba su da wuyar samu. Sau da yawa kuɗin aikawa da na tantancewa sun fi ƙarfin abin da za a samu.

Shawararmu ita ce a bar su yadda aka gan su, a ware na azurfa daban, a ajiye inda babu laima. Sarƙar kaka kuma kada a tsinke ta don neman kasuwa: sulen da aka huda ya riga ya rasa makinsa a can, a gida kuwa shi ne shaidar wadda ta rataya shi. A tambayi dattawa tun suna raye wa ya kawo, daga wane gari, a rubuta a ajiye tare da kuɗin domin 'ya'yanmu da aka haifa a Ikko.