Bututun daidaita wuta a tsofaffin amfilifaya

Bututun daidaita wuta ƙaramin gilashi ne mai iskar gas a ciki, wanda ke riƙe ƙarfin lantarki a mataki ɗaya cikin tsofaffin na'urorin ƙara sauti. Idan yana aiki, za a ga yana haske a hankali. Samfurin 0A2 na riƙe volt 150, 0B2 kuwa kusan 108, kuma dukansu na buƙatar miliamfiya 5 zuwa 30. Waɗannan alƙaluma ya kamata mai saye ya duba kafin sunan kamfani, domin bututun RCA da ya gaji bai kai SG1P na Tarayyar Soviet mai lafiya ba. Wasu na cewa zener diyod, wanda ake iya sawa a madadin bututun, ya fi araha, kuma gaskiya ne, amma wanda ke son na'urarsa ta zauna yadda aka ƙera ta, gara ya nemi tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba, a gwada masa kafin ya biya.