Kwanan Daji a Duwatsun Togo: Daga Zangon Fatake Zuwa Tantin Baƙi

Idan Oktoba ta zo ƙarshe a Dapaong, wadda tsofaffinmu har yau suke kira Dapango, ruwa ya ɗauke ke nan. Dawa ta sunkuyar da kai, an baza gyaɗa a tsakar gida, da asuba kuma sai mutum ya laluba mayafi domin hunturu ya fara aiko da sallama. A irin wannan lokaci ne bara wani ɗan ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hotunan Turawa sun kafa tanti a gindin wani tsauni, sun hura wuta suna dafa shayi. Ya ce, "Baba, mu me ya sa ba mu da wannan al'ada?" Na ce masa ya faɗi sunan unguwar da aka haife shi. Ya ce zango. Na ce, to, ka amsa wa kanka.

Kowace unguwar Hausawa a Togo da Gana da Benin zango ake ce mata, kuma asalin kalmar wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. A ƙarni na 19 fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan bar Kano idan damina ta ɗauke, su nufi Gwanja da kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Tafiyar takan ci wajen wata uku kafin a ga kasuwar Salaga. Ayarin ma ba na wasa ba ne: Baturen nan Clapperton ya gamu da ɗaya a Kaiama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura dubu. Hanyar arewa ta bi ta Mango, garin da taswirar Turawa ta rubuta Sansanne-Mango, kuma kowane Bahaushe ya ji "sansani" a cikin sunan. Wata hanyar ta fito daga Djougou, ta ratsa ƙasar Kotokoli inda Sokode take a yau, ta hau duwatsun Fazao, sannan ta gangara yamma. A Sokode, unguwar Didaure ta tashi ne a kan waɗannan baƙi Musulmi masu fatauci.

Yana da kyau mu tsaya mu dubi yadda suke kwana, domin duk maganar a nan take. Jagaba yakan riga ayari isa, ya duba inda ruwa yake da inda jakuna za su yi kiwo. Kafin la'asar an sauke mangaloli, an ɗaure dabbobi a tsakiya, samari sun bazu suna yankan ciyawa da rassa, kafin ka ce kwabo bukkoki sun tashi. Idan a hanyar dawowa ne, sai a kwance huhun goro, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Amma madugu ba ya zama tukuna. Sai ya ɗauki turmin zane ko kanwa ya tafi gaida sarkin gari, a daidaita abin da za a biya. Da an daidaita, matan garin za su fito da doya da tuwo da itace suna sayarwa, kuma daga wannan lokaci duk abin da ya taɓa ayarin ya taɓa sarki. Baƙo ya yi barci, mai ƙasa ya samu rabonsa.

Duwatsun sun ga wani kwanan kuma, na tsoro. Kudu maso yammacin Dapaong, kusa da Nano, akwai kogunan Nok a jikin wani dutse mai tsayi da ya tsaya kamar bango. Yau da tsanin ƙarfe ake sauka, kuma duk ƙarfin halinka sai ƙafarka ta yi rawa idan ka leƙa kwarin da ke ƙasa. A ciki za ka tarar da rumbunan laka fiye da ɗari jere a ƙarƙashin rufin dutse, wasu ba su wuce tsayin yaro ba. Mutanen Moba ne suka gina su, nan suke ɓuya da hatsinsu idan mayaƙan Cokosi na Mango suka fito karɓar gandu da kamun bayi. Tun shekara ta 2000 wurin yake cikin jerin wuraren da Togo ta gabatar wa UNESCO. Na daɗe a tsaye gaban wani ƙaramin rumbu ina kallon shatin yatsun wanda ya shafe shi, ina tunanin uwar da ta riƙa toshe bakin jaririnta a nan don kada a ji kukansa daga ƙasa.

Ayari ya mutu a hankali. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, Jamusawa suka kafa bariki a Mango da Sokode kafin ƙarnin ya ƙare, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Bukkokin ciyawa suka zama gidajen laka, zango ya zama unguwa.

Faransawa ne suka zo da sabon abu, wato a shata daji a ce na gwamnati ne. An keɓe dajin Keran a 1950, Fazao da Malfakassa a 1951, sai ɗan dajin nan da ke kudu da Dapaong a 1954, wanda suka sa wa suna Fosse aux Lions, ma'ana ramin zakuna. Girmansa bai kai murabba'in kilomita 17 ba. A farko keɓewar ba ta dami kowa sosai ba, don rabinta a takarda take. Zamanin Janar Gnassingbe Eyadema, wanda ya hau mulki a 1967, shi ne ya sa mata haƙora. Keran ya zama gandun namun daji na ƙasa a 1971, aka kuma faɗaɗa shi ninki-ba-ninki a tsakiyar shekarun 1970. A 1975 aka haɗe Fazao da Malfakassa suka zama gandu guda mai murabba'in kilomita 1,920, mafi girma a ƙasar, da tsaunukan da wasunsu suka haura mita 800.

A gefe ɗaya abin ya yi kyau, kuma bai kamata a ɓoye ba. Namun daji sun yawaita. Direbobin da suka bi babbar hanyar Lome zuwa Cinkasse a shekarun 1980 suna ba da labarin garken gwanki da kanki da gwaggon biri a bakin kwalta, da yadda ake tilasta wa mota tafiya a hankali idan ta shiga Keran. A Fosse aux Lions mutum na cikin mota yana ganin giwaye. Aka gina masauki a Naboulgou, aka gina otal a ƙauyen Fazao a gindin duwatsu, masu yawon buɗe ido suna zuwa daga Faransa da Jamus da zarar ruwa ya ɗauke. Nan ne tanti irin na hoton ɗan ƙanena ya shigo ƙasar.

Sai dai an manta da gaisuwar madugu. Don a faɗaɗa Keran da kwarin kogin Oti an tashi ƙauyuka da ƙarfin soja, mutane suka bar gonaki da kushewun iyaye da bishiyoyin tsafinsu, galibi ba diyya. Giwa ta shiga gonarka ta cinye dawar shekara, ba ka da bakin magana. Kai kuma a kama ka da zomo ko zabon daji, ka shiga uku. Kuɗin da baƙo ya biya ya wuce Lome, manomin da aka kora bai ga ko sisi ba. Ni a ganina tun ranar da aka yi haka aka yanke wa dabbobin hukunci, aiwatarwa kawai ta rage.

Ta kuwa zo. Zanga-zangar 5 ga Oktoba 1990 a Lome ta girgiza gwamnati, taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin mutane, koke-koke a kan zaluncin masu gadin daji suka fito fili. A arewa jama'a suka koma filayensu da gatari da bindigar toka. Abin da aka tara cikin shekara ashirin ya ƙare cikin 'yan shekaru, kuma ba yunwa kaɗai ta jawo ba, har da huce haushi. Daga baya gwamnati ta rage gandun Keran zuwa wajen murabba'in kilomita 690. Fosse aux Lions kuwa, yau idan ka wuce a kaka, masara da shanu za ka gani.

Fazao ta tsira, ko da yake da rauni. Duwatsun sun taimaka: hawa da wuya, mutane ba yawa. Sannan a 1990 gwamnati ta damƙa gandun na shekara 25 ga gidauniyar Franz Weber, wani ɗan Suwizalan mai fafutukar kare dabbobi. Gidauniyar ta ɗauki masu gadi, ta gyara hanyoyin cikin daji, ta riƙe otal. Ba a rasa rigima da manoma da mafarauta da masu haƙar zinariya a rafuka ba, amma akwai gidaje a kewayen da albashin gandun ke ciyar da su, kuma wanda tuwonsa ke fitowa daga daji ba ya saurin cinna masa wuta. Shi ya sa har yanzu akwai sauran giwaye da ɓauna a can. Yarjejeniyar ta ƙare a 2015, gandun ya koma hannun ma'aikatar muhalli.

A shekarar 2015 ɗin ce, cikin Nuwamba, aka ga tsohon mikin bai warke ba. Da labari ya bazu a Mango cewa za a farfaɗo da gandun dajin Oti, gari ya tashi, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rasa rayuka, gwamnati ta dakatar da shirin. Matasan da suka fito ranar yawancinsu ba a haife su ba lokacin korar, a bakin iyaye suka ji. Sannan wata masifar ta sauko daga iyakar Burkina Faso. Harin farko ya auku a yankin Kpendjal a Nuwamba 2021, a Mayu 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi, a Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes baki ɗaya. Ba mai hankalin da zai ce wa yaro ya je ya kafa tanti a dajin gabashin Dapaong a irin wannan hali.

Saboda haka na ce wa ɗan ƙanena ya dubi kudu. Daga Sokode a bi kwalta zuwa Adjengre, a karya yamma, hanyar za ta kai mutum ƙauyen Fazao. Farkon Nuwamba ciyawa ta fi mutum tsayi, ganin dabba sai an yi sa'a, amma rafuka na gudu, duwatsu kore shar, da safe hazo na kwance a cikin kwari kamar an shimfiɗa auduga. Wanda ke son ganin namun daji ya haƙura sai Janairu, bayan an ƙone ciyawa.

Ku samarin zangon Sokode da Mango da Dapaong, idan kun tashi zuwa, ku fara neman izini wurin jami'an gandun, kada ku shiga ba mai gadi. Ku biya ta fadar sarkin Fazao ku gaishe shi, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora ku biya shi haƙƙinsa, ku sayi doyarku da kajinku a hannun matan ƙauyen. Idan gari ya waye za ku tashi, ku zuba wa wutar ruwa, ku tona tokar da sanda ku tabbata ta mutu.