Awon Ƙasa da Rana a Tarihin Bauchi

A Amurka akwai masu sha'awar tara tsofaffin kayan safiyo, kuma cikin abubuwan da suke nema akwai kamfas mai aiki da rana wanda William Austin Burt ya yi wa rajista a 1836. Dalilin ƙirƙiro shi kuwa shi ne, tamar da ke ƙasar Mishigan kan karkatar da allurar kamfas, alhali rana ba ta karkata. Manufar wannan maƙala ita ce duba rabon Bauchi a irin wannan tarihi.

Baturen da ya fara shiga birnin Yakubu, wato Eduard Vogel, masanin taurari ne. Ya iso daga Kukawa a 1855, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu. Masu awo na wancan lokaci kan auna tsayin rana da tsaka, su haɗa da agogo, sannan su fitar da mazaunin gari a taswira. Sai dai Bauchi tana kimanin digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kan tsaya a tsakar ka sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Agusta. A irin waɗannan ranaku awon kan gagara, dole a jira taurari. An kashe Vogel a Wadai a 1856, yawancin takardunsa suka salwanta. A 1904 kuma P. A. Talbot, safiyon ayarin Boyd Alexander, ya bi ta Bauchi yana awo zuwa Tafkin Chadi.

Tun kafin zuwansu malamai na auna inuwa da tafin ƙafa don sanin zawali da shigar la'asar. Wannan awo bai bar wani ƙarfe da za a sa a gidan tarihi ba, kalmomi ya bari, kuma nan ne aikin masu nazarin harshe yake. Haka ma "taki", "awon igiya" da "safiyo": kowace tana ɗauke da zamaninta. Yanzu da na'urorin tauraron ɗan'adam suka karɓe aikin, tsofaffin ma'aikatan awo ne kaɗai suka san sunan da ake kiran kowane ƙarfe da shi a bakin aiki, ga shi kuwa kullum raguwa suke yi. Wanda ya tsinci kamfas a sito yana iya goge tsatsarsa, amma ba zai tarar da sunansa na Hausa a jikinsa ba.