Wayar da Ke Wucewa ta Saman Kanmu: Tarihin Layin Wutar Kainji Zuwa Birnin Kebbi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da tambayar da na yi wa mahaifina ina ɗan firamare. A gonarmu akwai wasu dogayen turakun ƙarfe ɗauke da wayoyi, da damina idan ka tsaya ƙarƙashinsu za ka ji suna wani irin tsaki kamar ana suya. Na ce, "Baba, ba wuta ce a ciki ba?" Ya ce wuta ce. Na ce, "To me ya sa muke karatu da fitilar ƙwai?" Ya yi dariya, ya ce ba tamu ba ce, wucewa take yi. Sai da na shiga jami'a na gane cewa amsar nan tana da tarihi, tana kuma da ilimi.

A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Neja. A 1964 aka fara aikin dam ɗin Kainji, aka kammala a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Da ruwa ya taru, tafkin ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da fadamu masu yawa, har zuwa ƙasar Yauri. An tashi mutane wajen 44,000. Gungawa da suka gaji noma da su a tsibirai, da Kambari da Lopawa da sauran mazauna bakin kogi, aka mayar da su sababbin matsugunai. Har yau a Ngaski da Yauri akwai tsofaffin da za su nuna maka tsakiyar ruwa su ce, "Can gidanmu yake." Ku riƙe wannan, domin shi ne kuɗin da kakanninmu suka biya.

An tsara tashar da injina 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. To sai dai samar da wuta daban, kai ta inda ake buƙata daban. A nan waya ta shigo.

Matsalar waya ita ce zafi. Duk lokacin da lantarki ke gudu a cikinta, wani kaso yana zama zafi ya ɓace a hanya. Asarar kuma ta danganta ne da yawan kwararar lantarkin: idan kwarara ta ninka sau biyu, asara sau huɗu take ninkawa. Dabarar injiniyoyi ita ce su ɗaga ƙarfin turin wutar, wato abin da ake aunawa da bolt, su rage kwararar. Ka ɗaga bolt sau 10, kwarara ta ragu sau 10, asara ta ragu sau 100.

Ga misali mai sauƙi. Za ka kai naira miliyan ɗaya daga Yelwa zuwa Sakkwato. Idan 'yan naira biyar-biyar ne, sai ka nemi buhuna, wasu ma su zube a hanya. Idan 'yan dubu-dubu ne, jaka ɗaya ta isa. Layin Kainji zuwa Birnin Kebbi, mai tsawon fiye da kilomita 300, bolt 330,000 yake ɗauka. Wutar gidanka kuwa wajen bolt 230 ce. Ka ga kenan manyan takardun kuɗi ne ke wucewa ta samanmu, mu kuma ƙosan naira hamsin muke son saye. Sai an samu mai canji.

Mai canjin nan shi ne taransifoma. A babbar tasha ake sauke wuta daga bolt 330,000 zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, kafin ƙaramin taransifoman unguwa ya mayar da ita wadda za ta kunna fanka. Kowane mataki yana buƙatar tasha da falwayoyi da kuɗi, da kuma wani a ofis da zai sa hannu. Shi ya sa ƙauye zai kwana a duhu ƙarƙashin babban layi. Kuma don Allah, babu wanda zai iya jona waya a can. Ba sai ka taɓa ba, kusantarta kaɗai ta isa wutar ta yi tsalle ta cikin iska ta kama mutum. Saboda haka ne ƙa'ida ta ware faɗin mita 50 ga layin 330, ba gini, ba rumfa, ba dogon itace.

In kun sake wucewa, ku ɗaga kai ku duba. Wayoyin da ke ɗauke da wuta na alminiyum ne da ƙarfe a tsakiya, ba su da rigar roba, suna rataye a jerin faranta na gilashi ko tangaran da ke hana wuta sauka cikin turken. Siririyar da ke can ƙololuwa kariyar tsawa ce. A sababbin layuka ana cusa zaren faiba a cikinta, wanda ke ɗaukar saƙo da haske, tashoshi su yi magana da juna, har intanet ya bi ta nan. Wato hanya ɗaya, ga wuta ga saƙo.

Layin nan bai tsaya a Birnin Kebbi ba. Daga can wuta ke zuwa Sakkwato, kuma tun 1976 akwai layin bolt 132,000 da ya tsallaka zuwa Yamai. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, ba a mayar ba sai a Maris 2024. Ranar aka gane cewa waya ma makamin siyasa ce. A 2025 kuma iska ta kayar da turakun layin a ƙaramar hukumar Shanga, sai ga Birnin Kebbi da Sakkwato cikin duhu. Turke ya faɗi a gonar wani bawan Allah, jihohi sun ji a jikinsu. Haka abin yake idan yanki guda ya rataya a kan igiya ɗaya.

Yanzu wa za mu tambaya? A 1972 aka haɗe hukumar madatsu da tsohuwar hukumar lantarki aka samu NEPA. A 2005 ta koma PHCN, a 2013 aka rarraba ta. Yau kamfanin Mainstream ke gudanar da tashar Kainji, TCN ta gwamnatin tarayya ke riƙe da manyan layuka, kamfanin rarraba wuta na Kaduna kuma shi ke kawo ta gidajen Kebbi. Akwai HYPPADEC da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, kuma Kebbi na ciki. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne, "a ba mu wuta" ba buƙata ba ce da za a iya bin diddiginta. Kowa zai ce to, ya wuce. Amma idan matasan Shanga ko Ngaski suka zauna suka rubuta cewa ƙauyuka kaza ba su da layin 33, taransifoma kaza ya ƙone tun watan kaza, ga nisan falwaya ta ƙarshe daga garinmu, to ɗan majalisa ba shi da wurin ɓuya. Mai sayar da kifi a kasuwar Yauri da ke neman ƙanƙara, da mai injin casar shinkafa da dizal ke cinye ribarsa, irin wannan takarda ce za ta yi masu aiki.

Mahaifina ya ce wucewa take yi. Gaskiya ya faɗa, amma ba ƙaddara ba ce, canji ne ba a kawo mana ba.

Ku faɗa mana, garinku akwai taransifoma? Yana aiki? Sai mun ji daga gare ku. Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.