Yadda Wufa Ta Samu Mazauni A But Ɗin Mota

Akwai irin sautin da ƙirji ke riga kunne ji. Mota na tahowa daga nesa, ba a gane wace waƙa ce ba tukuna, amma gilashin taga ya fara karkarwa. Mafi yawan lokaci wannan dukan ba daga kamfanin da ya ƙera motar ya fito ba. Wani ne ya buɗe but, ya girke akwati mai babbar sifika da muke kira wufa, ya ja mata waya mai kauri daga batir, ya haɗa ta da amfilifaya. Aikin yini guda ne a wurin mai wayarin mota, amma bayansa akwai jayayyar kusan shekara ɗari tsakanin masu ƙera mota da masu ƙara mata abin da aka hana ta.

Rediyon mota ma da ƙari ya fara. A 1930, a birnin Chicago na Amurka, Paul Galvin da ɗan'uwansa Joseph suka fito da rediyon da suka raɗa wa suna Motorola. Kuɗinsa ya kai wajen dala 130, a zamanin da ake samun sabuwar Ford a kan dala 500 da 'yan kai. Kafin a saka shi sai an kwance gaban mota, an farke rufinta daga ciki an shimfiɗa eriya, an nemo wa ƙarin batura wurin zama. Sai da kamfanonin mota suka ga mutane na biyan wannan wahala da kuɗinsu, sannan suka fara sako rediyo tun daga masana'anta. Haka abin ya ci gaba da tafiya: makaniki ya fara, kamfani ya biyo baya.

Shekarun da suka biyo na neman abin saurare ne. Blaupunkt na Jamus ya kawo zangon FM cikin mota a 1952. Chrysler ya gwada saka garmaho a 1956, allurar ta riƙa tsalle a kan gargada, ba a daɗe ba aka watsar. Ford ya sako na'urar tef a motocinsa daga 1965, daga baya kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963 ya mamaye ko'ina. Direba ya samu 'yancin zaɓen abin da zai ji. Sai dai duk abin da ya zaɓa ta 'yan ƙananan sifikun takarda yake fitowa, kaurin sautin kuwa ya zube a hanya.

Rowa na cikin dalilan, amma babban dalilin iska ce. Sauti girgizar iska ne, kunnen ɗan Adam kuma yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda. Siririn sauti, irin na sarewa, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Mai kauri kuwa, irin amon tambari, wanda ke girgiza sau 40 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa guda ɗaya ya wuce mita 8, ya fi motar kanta tsawo. Duk lokacin da aka raba yawan girgizar biyu, sai sifika ta tura ninki huɗu na iskar da take turawa kafin a ji ƙarfin daidai da na da. 'Yar sifikar da ke jikin ƙofa ba ta da faɗin yin haka, ga ƙofar kanta gwangwani ce mai huje-huje, iskar gaban sifika da ta bayanta suna haɗuwa su kashe juna. Shi ya sa wufa ke buƙatar faɗin inci 10 ko 12 da akwatin katako da aka toshe sosai. Wani abin daɗi shi ne, da zarar an samar da kaurin, motar da kanta take taimakawa, domin ƙaramin ɗaki ne a rufe, iska ba ta da wurin gudu. Wufar da ba za ta cika falo ba sai ta girgiza kujerar direba.

Sai kuma wuta. Batirin mota bolt 12 ne, kuma da wannan ƙarfin rediyo ba ya iya ba kowace sifika abin da ya wuce wat 20 na gaskiya, komai lambar da aka rubuta a goshinsa. Amfilifayar mota tana da wani sashe da ke ɗaga bolt 12 ɗin ya ninka kafin ta tura wa sifika. A 1973 Jim Fosgate, a jihar Arizona, ya fara haɗa na'urorin da ke cike gurbin sautin da mota ke cinyewa, aikin da ya haifar da kamfanin Rockford Fosgate. A 1980 Steve Irby, a garin Stillwater na jihar Oklahoma, ya haɗa akwatin sifika da zai shiga bayan kujerar a-kori-kura, ya kira shi Kicker. Ba a ofishin wani babban kamfanin mota aka yi ko ɗaya daga cikinsu ba.

A wannan shekarar ta 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar kiɗa mai suna TR-808. Ba ta yi kasuwa ba, domin gangarta ba ta yi kama da ganga ta gaskiya ba, a 1983 aka daina ƙera ta. Da ta yi arha a hannun 'yan gwanjo sai matasan mawaƙan hip-hop suka ɗauka, suka gano cewa dukanta mai zurfi da jan numfashi shi ne abin da wufa ke jira. A Miami har salon kiɗa aka samu wanda don mota aka yi shi. Daga nan gasa ta ɓarke. Wani Wayne Harris ya cika tsohuwar motar ɗaukar gawa ƙirar Cadillac da sifiku, daga baya ya kafa gasar dB Drag Racing, inda ba a tambayar daɗin waƙa, ƙarfin sauti kawai ake aunawa. A manyan rukunan gasar babu mai zama a cikin motar lokacin da ake kunna ta.

Kamfanonin mota sun ga kuɗi na wucewa ta gabansu. A 1983 Cadillac Seville ta fito da sautin Bose tun daga masana'anta. Duk da haka ƙofa ta zauna a buɗe na tsawon lokaci, domin a 1984 an amince da ma'auni guda na ramin rediyo, faɗin milimita 180 da tsayin 50, kowa na iya zare na kamfani ya zura nasa. Mu da muka san zamanin zare fuskar rediyo a sa a aljihu don gudun ɓarawo, wannan ma'aunin muka ci moriya.

Yanzu an rufe ƙofar. A motocin zamani rediyo ya zama allo guda da ke riƙe da na'urar sanyaya ɗaki, kyamarar baya da maɓallan sitiyari. Ka cire shi ka rasa rabin motarka. Abin da ya rage shi ne a bar shi inda yake, a saci sauti daga wayoyin sifikun baya ta wata 'yar na'ura da ke rage ƙarfinsa zuwa abin da amfilifaya ke karɓa. Nan ma akwai tarko. Rediyon kamfani da yawa suna rage kaurin sauti da kansu idan an ƙara murya, don kada sifikunsu masu arha su yage. Wasu motocin kuma suna da makirfo a rufi don kashe ƙugin inji, idan ba a cire shi daga layi ba sai wufar ta riƙa gurnani ita kaɗai.

Waɗannan motoci su ne ke iso mana ta Kwatano da Legas bayan sun gama yayi a can, kuma masu wayarinmu sun koyi aikin da ido da hannu, har a ƙarƙashin kujerar A Daidaita Sahu. Inda muke da ja shi ne wajen waya. Amfilifaya mai wat 500 na iya jan amfiya 50, don haka wayarta sai mai kauri, ta jan ƙarfe zalla, da fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Wayar da aka bi da ita ƙarƙashin kafet babu fis, ranar da ƙarfe ya ci robarta gobara ce. Lambar da ke jikin kwali kuma ba abin dogaro ba ce. A duba fis ɗin amfilifayar: idan na amfiya 30 ne, a ninka da bolt 14, wat 420 ke nan, ko da an rubuta 3,000 da jan fenti.

Kunne ma yana da nasa lissafin. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar desibel 85 na awa 8, idan ya kai 100 kuwa minti 15 ne kawai. Maƙwabta kuma ba a tambaye su ba. Jihar Florida ta taɓa yin dokar hana sautin mota da ake ji daga nisan ƙafa 25. Wani lauya da aka ci tara ya kai ƙara, a 2012 kotun ƙolin jihar ta soke dokar, saboda ta ƙyale motocin talla da na 'yan siyasa su yi ƙararsu, ta kama masu jin waƙa kaɗai. A 2022 majalisar jihar ta dawo da dokar ƙafa 25 ɗin, bayan ta cire wancan sassaucin.