Ƙauyen Aro da Tarihin Jinyar Masu Taɓin Hankali a Najeriya

Aro tana gefen Abeokuta, babban birnin Jihar Ogun. A nan ne a 1954 aka fara wani tsarin jinya da ya sa sunan ƙauyen ya shiga littattafan likitanci na duniya: mai taɓin hankali ya kama hayar ɗaki a cikin jama'a tare da ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, ya koma gida ya kwana.

Kafin wannan lokaci, abin da Turawan mulkin mallaka suka tanadar wa irin waɗannan majinyata shi ne tsarewa. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, sannan na Yaba a Legas a 1907. Dokar 1916 ta ba majistare ikon sa a kulle mutum idan likita ya shaida cewa hankalinsa ya taɓu, kuma a garuruwa da dama, har da na Arewa, wani sashe na gidan yari ake ware musu. Magani kaɗan ne, mari da sarƙa ne suka yawaita. Shi ya sa iyalai suka gwammace su kai nasu wurin masu maganin gargajiya. Wanda ya ƙare a hannun hukuma, galibi ɗan sanda ne ya tsinto shi a titi, ko kotu ta turo shi.

Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Da ya dawo gida a 1954 aka damƙa masa sabon asibitin Aro, alhali ba a gama ginin ɗakunan kwanciya ba. Bai tsaya jiran magina ba. Ya zauna da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya shawo kansu su karɓi baƙin da kowa ke gudu. Masu gidaje suka samu kuɗin haya da rancen ƙara ɗakuna, ƙauyukan kuma suka samu ruwan famfo da kulawar likita.

Sharaɗin karɓar majinyaci shi ne ya zo da wani nasa, yawanci uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo. Ita za ta dafa masa irin abincin da ya saba ci, ta wanke masa kaya, ta riƙo hannunsa zuwa asibiti da safe. A can a ba shi maganin zamanin, wato ƙwayoyi da allura da jinyar lantarki, a sa shi aikin hannu ko noma, a zauna hira da shi cikin rukuni. Da yamma ya koma ƙauye, ya shiga kasuwa, ya je coci ko masallaci. Ma'aikatan jinya na kwana a cikin ƙauyukan saboda abin da ka iya tasowa cikin dare. Amfanin wannan mai rakiya ya wuce girki da wanki: ita ce ke faɗa wa likita yadda majinyaci ya kwana, kuma ita za ta koma gida da sanin alamun da ke nuna ciwon na shirin dawowa.

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne shigo da masu maganin gargajiya da Lambo ya yi. Ya zaɓi wasu daga cikinsu suka riƙa zama da majinyata, suna fassara musu ciwonsu da harshen da suka yarda da shi. A ganinsa, wanda ya yi imani cewa jifa aka yi masa ba zai saki jiki da likitan da ya raina wannan imani ba. A Sudan ma Tigani El Mahi ya bi hanya mai kama da wannan tare da shehunnan addini.

Aro ta kuma zama wurin bincike. A 1953 J. C. Carothers ya wallafa wani littafi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da ke nuna tunanin baƙar fata a matsayin naƙasasshe, Lambo kuma ya yi masa raddi. Binciken haɗin gwiwar Lambo da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, wanda aka buga a 1963, ya kwatanta Yarabawa da mutanen wata gunduma a Kanada, ya gano cewa alamun cututtukan sun yi kama ƙwarai. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta.

Lambo ya ba da rahoton cewa majinyatan ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, kuma jinyarsu ta fi arha. Sai dai a lura: waɗanda suka shiga tsarin masu gata ne da danginsu suka tsaya musu, masu haɗari kuwa reshen asibitin da ke Lantoro ake kai su a kulle. Tsarin ya kuma dogara da rayuwar ƙauye. Da birni ya haɗiye Aro, haya ta yi tsada, barin sana'a na watanni don jinyar ɗan'uwa ya yi wuya, sai tsarin ya ja baya, asibitin ya koma kwantar da majinyata kamar sauran asibitocin tarayya.

Shi kuwa Lambo ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya riƙe muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988, ya rasu a 2004. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta 1916, ta ci gaba da aiki a Najeriya har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.